Charles Kettering Da Tashin Mota

A wannan wata za mu ba masu karatu labarin wani mutumin Amurka, sunansa Charles Kettering. Ya rasu tun 1958, amma duk sa'ad da direba ya murɗa mabuɗi, inji ya yi ƙugi ya tashi, moriyar aikin wannan mutum ya ke ci. Ya yi abin da ya ceci mutane da yawa daga rauni, ya kuma sa hannu a abin da ya cuci mutane da yawa. Za mu faɗi duka biyu, gama wanda ya ba da rabin labari bai yi wa mai sauraro adalci ba.

Yaron gona mai ciwon ido

An haife shi ran 29 ga Agusta 1876 a wata gona kusa da garin Loudonville, cikin jihar Ohayo. Iyayensa manoma ne. Tun yana ƙarami yana son karatu ƙwarai, amma idanunsa ba su da ƙarfi, in ya daɗe a kan littafi sai ciwon kai ya kama shi. Da ya gama makaranta ya zama malami a wata 'yar makarantar ƙauye, yana tara abin da zai biya kuɗin karatu na gaba. A 1898 ya shiga Jami'ar Jihar Ohayo, amma ciwon ido ya tilasta masa ya bari. Sai ya shiga aiki tare da masu kafa turakun wayar tarho, har ya zama shugabansu. A can ya koyi halin waya da batir da hannunsa. Da idanun suka yi sauƙi ya koma, abokan karatunsa suna karanta masa littattafai a bayyane, shi kuwa yana riƙewa a ka. Ya gama a 1904, yana da shekara 27, ya fito injiniyan lantarki.

Nan da nan wani kamfani a garin Dayton, mai suna National Cash Register, ya ɗauke shi aiki. Kamfanin yana ƙera akwatin ciniki na kanti, watau wanda mai kanti ya kan danna kuɗin kaya a kai, akwatin ya rubuta, aljihun kuɗi ya buɗe. A lokacin nan sai an juya wani hannu a gefe tukuna akwatin ya yi aiki. Aka ba Kettering aikin sa masa lantarki. Bisa ga lissafin da a ke koyarwa, injin lantarki mai isasshen ƙarfi ya fi ƙarfin a sa shi cikin akwati irin wannan. Amma Kettering ya lura da abu ɗaya. Lissafin nan an yi shi ne domin injin da zai wuni yana juyawa, na akwatin ciniki kuwa ɗan lokaci kaɗan ya ke aiki, sa'an nan ya huta. Ƙato yana iya ɗaga buhun gero biyu ya aza wa jaki, ko da ya ke ba zai iya kai su kasuwa a ka ba. Haka kuma ƙaramin inji yana iya ba da ƙarfin da ya fi girmansa, in dai ba a daɗe a na matsa masa ba, har ya yi zafi ya ƙone. Da wannan tunani ya gama aikin a 1906. Sai masu karatu su riƙe shi, gama za mu sake gamuwa da shi.

A kamfanin nan ya yi abota da wani babban ma'aikaci, Edward Deeds. Da dare da ranakun hutu su kan taru da waɗansu abokan aiki a wata rumfar dabbobi da ke bayan gidan Deeds, suna gwada dabarun lantarki na mota. A 1909 Kettering ya bar aikinsa, shi da Deeds suka kafa kamfanin da a ka sani da sunan Delco. Abu na fari da suka sayar shi ne sabuwar hanyar ba fulogi wuta daga batir, wanda ya saya kuwa shi ne Henry Leland, shugaban kamfanin motar Cadillac a birnin Detroit.

Ƙarfen da ke karya hannu

Wanda ya taɓa ganin a na tayar da injin niƙa da hannu ya san yadda a ke tayar da mota a zamanin nan. Akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe a gaban mota. Mutum ya kan sunkuya ya kama shi, ya murɗa da iyakar ƙarfinsa har inji ya kama. Kafin ya murɗa, wajib ne ya ja wani ɗan hannu kusa da sitiyari, domin wutar fulogi ta yi jinkiri. In ya manta, fetur ya kan kama wuta tun fistin bai kai ƙarshen hawansa ba, sai inji ya juya da baya, ƙarfen ya dawo da ƙarfi kamar harbin doki. Karayar wuyan hannu ta wannan hanya ta yi yawa har likitoci suka sa mata suna karayar direba. Wani kuma ya kan bar motar cikin giya, da inji ya kama sai ta bi ta kansa. Tsofaffi da mata da yawa ba su iya wannan aiki. Saboda haka masu kuɗi a birane su kan ɗauki direba, ko kuwa su sayi mota mai tafiya da batir kaɗai, wadda ba ta zuwa nesa.

Leland dattijo ne, an haife shi a 1843, ya kuwa koyi ƙira a masana'antun bindiga da na kayan awo, inda kuskure kamar silin gashi ya kan ɓata aiki. A 1908 a ka gwada motocinsa a Ingila: a ka wargaza Cadillac 3, a ka gauraya kayansu, a ka sake haɗa su, kowace ta yi tafiyar mil 500. Saboda wannan a ka ba kamfanin kyautar Dewar. Mutum ne wanda ba ya karɓar abu da baki, sai ya gani.

Labarin da a ka saba bayarwa a Detroit shi ne, wani abokin Leland mai suna Byron Carter, shi ma maƙerin motoci ne, ya tsaya a kan wata gada domin ya taimaki wata mace wadda motarta ta mutu. Da ya murɗa, ƙarfen ya dawo ya karya masa muƙamuƙi, ciwo ya shige shi, bai tashi ba. Carter ya rasu a 1908. Leland ya ƙudura a ransa sai an raba motocinsa da ƙarfen nan.

Waɗansu sun riga sun gwada. Akwai masu tayar da inji da matsattsiyar iska, akwai masu amfani da naɗaɗɗen ƙarfe irin na agogo, wani kuma mai suna Clyde Coleman ya sami takardar mallakar dabarar tayarwa da lantarki tun 1903. Amma ba wadda ta zama abin dogara ga mai mota kowace safiya. Injiniyoyin Leland su ma suka gwada lantarki, sai injin ya fito da girma da nauyi fiye da kima. Sai Leland ya juya wajen Kettering, wanda ya riga ya warware irin wannan matsala a akwatin ciniki. Tayar da mota ma aikin ɗan lokaci ne, saboda haka ƙaramin inji ya isa.

Kamawa da saki

Samun ƙarfi rabin aiki ne. Sauran rabin, wanda ya fi wuya, shi ne yadda ɗan injin nan, da mu ke kira sitata, makanikai kuma su ce kik, zai kama injin mota sa'an nan ya sake shi a daidai lokaci. Bari mu bayyana wannan a hankali, gama a nan ne gwanintar ta ke.

A bayan injin mota akwai wani babban faifan ƙarfe mai nauyi, wanda ke juyawa tare da inji. A kan yanka haƙora kewaye da bakinsa. Sitata kuwa tana da ɗan ƙaramin giya mai haƙora kaɗan. In ƙaramin ya shiga cikin haƙoran babban, sai ya juya sau da yawa kafin babban ya juya sau ɗaya, ta haka rarrauna ke iya tura ƙaƙƙarfa. Amma akwai wuraren tuntuɓe. Na fari, inji ya kan tsaya inda ya ga dama, saboda haka sau da yawa haƙori ya kan ci karo da haƙori maimakon ya faɗa cikin gurbi. In a ka saki cikakkiyar wuta a wannan hali, giyan ya kan yi ta gurzar bakin faifai har haƙora su gutsure. Na biyu, da inji ya kama, al'amari ya kan juye: wanda a ke turawa ya zama mai turawa. A ce haƙoran faifai sun riɓanya na giya sau 15. In inji yana juyawa sau 1,000 a minti, zai ja sitata ta juya sau 15,000, wayoyin cikinta su tarwatse. Na uku, in inji ya harba da baya, bugun da dā ya ke karya hannun mutum yanzu a kan haƙoran ƙarfe zai sauka. Na huɗu kuma, a cikin sanyin hunturu na ƙasarsu man inji ya kan yi kauri, batir ya yi rauni, a daidai lokacin da a ka fi bukatar ƙarfinsa.

Ga yadda Kettering da abokansa suka bi da su. Sun yi inji guda mai aiki biyu: da fari ya tayar da mota, in ta tashi kuma ya koma yana yin wuta, yana cika batir, yana ba fulogi da fitilu. Batirin ya kasu kashi huɗu, kowane kashi bolt 6. Wajen tayarwa a kan jera su bi da bi su ba da bolt 24, wajen cikawa kuwa a mai da su kafaɗa da kafaɗa a bolt 6. Direba ya kan danna maɓalli, sa'an nan ya taka kuloci, ƙafarsa ce ke tura giyan cikin haƙoran faifai, cikakkiyar wuta ba ta shiga sai sun haɗu. A cikin sitatocin Delco na shekarun nan na fari, a kan sa injin ya fara juyawa sannu sannu kafin a tura giyan, domin haƙorin da ya ci karo ya zame ya sami gurbinsa. Domin saki kuwa, suka sa wani makama mai riƙo ta fuska ɗaya kaɗai. Mai keke ya san irinsa: in ya taka feda ƙafar baya ta juya, amma in yana gangara, ƙafar ta kan yi ta gudunta, feda tana tsaye.

Har wa yau da kunne makanike ya kan fara binciken waɗannan abubuwa. In ya ji ƙas, ba abin da ya juya, ya kan duba batir da kan waya tukuna. In sitata tana gudu ita kaɗai inji yana kwance, giyan bai shiga ba ke nan, ko kuwa makaman nan ya sake. In ya ji gurza, ya kan leƙa haƙoran faifai, ya kuwa san ba ko'ina su ke cinyewa ba, gama inji mai fistin huɗu ya kan tsaya kusan a wuri biyu kullum, a nan giyan ke ta bugu. In kuma kuka ya ci gaba bayan mota ta tashi, giyan bai koma ba, sai a kashe inji da sauri.

Gwaji da gobara

Cikin watan Fabrairu 1911 a ka ɗaura sabuwar sitata a jikin Cadillac, ta kuwa tayar da ita. Amma tashi ɗaya bai ishi Leland ba. Sai da mutanensa suka yi ta gwada ta, gama sunan kamfaninsa ne zai zuba a kai, masana lantarki kuma ba su daina cewa abin ba zai ɗore ba. A na cikin haka motar gwaji ta Kettering ta kauce hanya, ya karye a ƙafa, likita ya ce ya kwanta. Ba a daɗe ba wuta ta kama ɗakin motar Leland a Detroit, ta lalata motar da ke ɗauke da ɗayar sitatar. Da babu mai iya gyarawa, da magana ta mutu a nan. Kettering ya tashi daga gado da ƙafa a ɗaure, ya tafi Detroit, ya gyara ta har ta sake aiki.

Leland ya yi odar 12,000. Cadillac ta 1912, mai fistin huɗu, ta fito da sitata da fitilun lantarki, a na sayar da ita dala 1,800, sa'ad da motar Ford ta talakawa ta ke dala 690. A 1913 kamfanin ya sake samun kyautar Dewar saboda wannan. Waɗansu maƙera suka bi sahu, waɗansu kuma suka kyautata dabarar. Vincent Bendix ya fito da giya mai hawa a kan murɗaɗɗen sanda: in sitata ta zabura, giyan ya kan zame gaba da kansa ya shiga haƙora, in inji ya fi shi gudu kuma ya wurgo shi baya. An fara sa wannan a motar Chevrolet a 1914. Ford ma ta fara sa sitata a 1919. Cikin 'yan shekaru mace da tsoho suka iya tayar da mota daga kujera, motoci masu batir kaɗai kuwa kasuwarsu ta faɗi, ba ta farfaɗo sosai ba sai a zamaninmu.

Daga nan sunan Kettering ya ɗaukaka. Bai manta da mutanen gona ba, ya ƙera musu ɗan injin ba da wuta mai suna Delco-Light, domin gidajen da wayar lantarki ba ta kai ba. Daga 1920 zuwa 1947 shi ne shugaban bincike na kamfanin General Motors. A ƙarƙashinsa a ka fito da fentin mota mai saurin bushewa, da injin dizal na jirgin ƙasa.

Dalma cikin fetur

Yanzu mun zo ga ɗaya fuskar. Tun zamanin Cadillac ɗin nan, masu motoci suna kuka da wata ƙara kamar bugun guduma da inji ya kan yi in yana hawan tudu. Abokan gasa suka ɗora laifin a kan wutar batir ta Kettering. Shi kuwa ya yi zaton laifin yana wajen yadda fetur ke ƙonewa, gaskiyarsa kuwa. Ya sa wani saurayin injiniya, Thomas Midgley, ya nemi abin da za a zuba cikin fetur ƙarar ta daina. Bayan sun gwada abubuwa masu yawan gaske, a watan Disamba 1921 suka tarar wani haɗi na dalma yana kashe ƙarar, ko da an ɗiga kaɗan. Sun kuma san barasar da a ke tacewa daga hatsi tana yin wannan aiki in an zuba da yawa, amma ita kowa yana iya yinta, ba mai mallakarta. Suka zaɓi dalma. A ka fara sayar da wannan fetur a Dayton a 1923, da sunan Ethyl, a 1924 kuma a ka kafa kamfaninsa, Kettering ne shugabansa na fari.

Tun zamanin dā an san dalma guba ce. A watan Oktoba 1924 ma'aikata 5 suka mutu a matatar Bayway, cikin jihar New Jersey, bayan hankalinsu ya juye, waɗansu da yawa kuma a ka kai su asibiti. A watan Mayu 1925 gwamnati ta kira taro a Washinton. Likita Alice Hamilton ta Jami'ar Harvard da Yandell Henderson na Jami'ar Yale suka yi gargaɗi cewa hayaƙin motoci zai riƙa watsa dalma a tituna, ta taru a jikin mutane sannu sannu, ba za a gane ba sai bayan shekaru. Kettering ya tsaya a gefen kamfani. A ka dakatar da sayarwa, a ka naɗa kwamiti, ya yi bincike na 'yan watanni, ya ce bai ga dalilin hanawa ba, amma ya roƙa a ci gaba da dogon bincike. A 1926 a ka koma sayarwa. Dogon binciken kuwa, shekaru da yawa yawancinsa ya zauna a hannun waɗanda masu sayar da dalmar ke biya.

Abin da masu gargaɗi suka faɗa shi ya faru. Daga baya a ka tabbatar dalma tana dakushe basirar yara ƙanana, tana kuma jawo wa manya hawan jini da ciwon zuciya. Amurka ta hana ta a fetur ɗin motoci a 1996. Ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara, har da namu, duk sun daina zuwa farkon 2006, Aljeriya kuwa ita ce ta ƙarshe a duniya, a 2021.

Kettering bai ga wannan ba. A 1945 shi da Alfred Sloan suka kafa cibiyar binciken ciwon daji a birnin Niyu Yok, wadda ke ɗauke da sunayensu. Matarsa Olive, wadda ya aura a 1905, ciwon nan ne ya ɗauke ta a 1946. Shi kuma ya rasu a Dayton ran 25 ga Nuwamba 1958, yana da shekara 82, da takardun mallakar dabaru 186 da sunansa.

In mun aza ayyukan nan biyu gefe da gefe, za mu ga mutum ɗaya ne, basira ɗaya ce, bambancin yana wajen gwaji. Sitata ba ta shiga kasuwa ba sai da ta gamsar da wani dattijo mai wuyar gamsuwa, wanda ke da ikon ya ce a'a. Dalma kuwa an fara sayar da ita tukuna, sa'an nan a ka shiga binciken ko tana da lahani, waɗanda suka ce a dakata kuma ba su da ikon hanawa. Haƙoran giya in ba su haɗu daidai ba, nan take su kan yi ƙara kowa ya ji, a tsaya a gyara. Dalma a jinin yaro ba ta ƙara. Ya kamata kowane mai sana'a a cikinmu, ko makanike ne, ko mai haɗa magani, ko mai sayar da abinci, ya tambayi kansa abu biyu kafin ya miƙa wa jama'a aikin hannunsa: ko yana aiki, da kuma wane ne zai sha wuyarsa in an daɗe.